Tambayoyi biyu da ke fara isa zauren malam kafin su isa asibiti

Duk wanda ya saba zama a zauren malami a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ya san akwai tambayoyin da ba a yin su a bainar jama'a. Sai an shafa fatiha, ɗalibai sun naɗe buzayensu sun watse, sannan wani magidanci ya matso ya rage murya ya ce: "Allah gafarta malam, iyalina ce jini ya ƙi ɗauke mata, yau kwana ashirin ke nan. Yaya za ta yi da salla?" Wata rana kuma wani ne zai zo da maganar ƙanensa: "Malam, yaron nan kwana shida bai runtsa ba. Ya kwashe albasar da muka ajiye ya sayar, ya rabar da kuɗin a tasha, jiya kuma ya danna wa matarsa saki uku a gaban mutane. Wannan saki ya auku?"

Dukansu tambayoyin fiƙihu ne, kuma amsarsu tana cikin littattafan da muka karanta tun muna yara. Sai dai ta farkon tana iya zama alamar sankarar bakin mahaifa, ta biyun kuma alamar wani ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira baifola, wato ciwon da ke jefa mutum tsakanin zumuɗi mai wuce iyaka da baƙin ciki mai karya gwiwa. A garuruwanmu malam ne mutum na farko a wajen gida da ke jin labarin, wani lokaci ma shi kaɗai ne zai ji shi har abin ya yi nisa. Saboda haka abin da ya faɗa bayan ya gama ba da fatawa yana da nauyi ƙwarai.

Mu fara da jini. A mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ne, abin da ya wuce haka istihala ne, mace za ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi. Haka yake a Ahalari, haka yake a Risala. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Fatima 'yar Abu Hubaish, Allah Ya yarda da ita, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana mata cewa jinin nata daga wata jijiya yake fita, ba haila ba ce. Abin lura a nan shi ne hukuncin ya warware matsalar salla ne kawai. Bai ce jinin ba shi da illa ba. Hasali ma ta hanyar danganta shi da jijiya an nuna cewa larura ce ta jiki wadda ke da sababi, kuma ana iya bin diddigin sababin.

Malamanmu na baya sun san iyakar fanninsu. Masu sharhin Muhtasar Halil sun ce idan mace ta ga jini tsakanin shekara 50 da 70, sai a tambayi mata masana ko haila ce, idan kuwa ta haura 70 to ba haila ba ce. Wato fiƙihu da kansa ya miƙa maganar ga waɗanda suka san jikin mace. A zamaninmu ungozomar asibiti da likitan mata su ne ke tsaye a wannan gurbi.

Ba mu ce duk jinin da ya saɓa lokaci sankara ba ne. Mafi yawansa daga wani abu ne daban: allurar tazarar haihuwa, ɓari, ƙari a mahaifa, ciwon sanyi, ko sauyin da ke zuwa gab da yankewar haila. Amma akwai waɗanda likitoci ba sa wasa da su, su ne jinin da ke fita bayan kwanciyar aure, da wanda ke ɓullowa tsakanin haila da haila, da wanda ya dawo bayan mace ta daɗe da daina gani, musamman idan akwai ruwa mai wari da ya ƙi jin magani.

Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cuta guda ce ke haddasa ta, wadda ake kira HPV. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya tabbatar da wannan dangantaka, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar iri-iri ce, amma iri biyu, lamba 16 da lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar. A jikin mafi yawan mata garkuwar jiki tana kawar da ita cikin shekara ɗaya ko biyu ba tare da sun ma sani ba. A jikin 'yan kaɗan takan zauna, ta riƙa sauya ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe bakin mahaifa a hankali, kuma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya sai an yi shekara 15 zuwa 20 kafin wannan sauyi ya zama sankara, ko shekara 5 zuwa 10 ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. A tsawon waɗannan shekaru mace ba ta jin ciwo, ba ta ganin jini. Ita da mijinta da malam duk ba su da abin tambaya. A nan ne ɗakin gwaje-gwaje yake ganin abin da ido bai gani ba. Ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna cewa a Najeriya mata kusan 12,000 ne suka kamu, kusan 8,000 suka rasu, kuma babban dalilin wannan yawan mutuwa shi ne zuwa asibiti a makare.

Yana da kyau mu san abin da ake yi a gwajin, domin jahiltarsa ce ke haifar da rabin tsoron. Mafi daɗewa shi ne gwajin Pap, wanda ya samo suna daga George Papanicolaou, likita ɗan asalin Girka da ya yi aiki a Amurka, ya fara bayyana shi a 1928, duniya kuma ta karɓe shi bayan littafin da suka fitar da abokin aikinsa a 1943. Ma'aikaciyar lafiya za ta shafo bakin mahaifa da wani ɗan burushi mai laushi, ta shafa abin da ta samo a kan ɗan fallen gilashi, a rina shi da launuka, sannan masani ya duba ta madubin da ke ƙara girman abu. Lafiyayyar ƙwayar halitta tana da ƙaramar cibiya mai tsari. Wadda ta fara lalacewa cibiyarta takan kumbura, ta yi duhu, gefenta ya karkace. Aiki ne na haƙuri, domin fallen gilashi ɗaya yana ɗauke da dubban ƙwayoyi, masu matsalar kuwa wataƙila 'yan ƙalilan ne.

Inda babu irin wannan masani a kusa, akwai hanya mai sauƙi: a shafa ruwan khal da aka sirka a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara sauyawa sai ya yi fari. Ma'aikaciyar jinya da ta samu horo tana iya yi, a ba da sakamako nan take. Bai kai sauran inganci ba, amma ya fi zama haka nan.

Sabuwar hanya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2021, ita ce neman ƙwayar HPV kanta da na'ura. Ana shawartar mace ta fara daga shekara 30, ta maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da ƙanjamau kuma daga shekara 25. Wannan hanya tana da wata falala da ta shafe mu kai tsaye: mace tana iya ɗebo samfurin da hannunta, ita kaɗai a ɗaki, da ɗan tsinke mai auduga, ta miƙa a kai ɗakin gwaji. Ga matar da kunya ta hana ta buɗe al'aura gaban kowa, da mijin da kishi ya hana shi ba da izini, wannan ya toshe uzuri babba. Duk da haka mu tuna cewa malamai sun halatta duba al'aura don magani gwargwadon larura, mace ga mace in an samu, in ba a samu ba namiji amintacce ba tare da keɓancewa ba.

Waɗannan duka gwajin tacewa ne. Hukuncin ƙarshe sai an ciro ɗan nama, wanda sau da yawa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a jefa shi cikin ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, a fere shi da na'ura siriri fiye da fatar albasa, a rina, sannan likitan da ya ƙware a nazarin nama ya duba. Tambayar da yake neman amsarta ita ce: ɓatattun ƙwayoyin nan suna nan a saman fata, ko sun keta shimfiɗar da ke ƙarƙashinta sun nutsa cikin nama? Idan suna sama, ba a kai ga sankara ba tukuna, kuma ana iya ƙone wurin da zafi ko sanyi, ko a shafce shi da wata 'yar waya mai lantarki, mace ta koma gida a ranar. Idan sun nutsa, magana ta koma ta tiyata ko gashi da haske da allurai masu ƙarfi. A jiharmu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen nazarin nama da sashen gashin sankara.

Akwai wata magana da dole malamai su riga kowa faɗinta. Gaskiya ne HPV ta hanyar saduwa take yaɗuwa, amma samunta a jikin mace ba hujjar alfasha ba ce ko kusa. Tana iya kwanciya shekaru ba ta motsa ba. Tana bin auren halal: daga miji na fari zuwa bazawara, daga miji zuwa uwargida da amarya, shi kuma namijin yawanci ba ya ganin alamar komai a jikinsa. Wanda ya ɗauki takardar gwaji ya jefi matarsa da zargi ya jahilci likitanci, ya kuma kusanci ƙazafi, wanda Suratun Nur ta yanke masa bulala 80. Muna jin tsoron cewa fargabar irin wannan zargi tana cikin abin da ke sa mata yin shiru.

Rigakafi kuwa ya iso. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta a watan Oktoba na 2023, zagaye na biyu da ya haɗa da Sakkwato ya biyo baya a watan Mayu na 2024. Jita-jitar hana haihuwa da muka sha ji a kan allurar shan inna ta sake ɗagowa, alhali mun ga yadda sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka tsaya har aka ayyana ƙasar nan ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a 2020. Abin da ke raba mace da mahaifarta a zahiri shi ne sankarar kanta.

Ga mutanen Wurno wannan ba baƙon tunani ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da garin ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837, kabarinsa kuma yana nan ana ziyarta, ya wallafa littattafai a kan magani, ciki har da Ujalatur Rakib, da rubuce-rubuce kan basur da ciwon ido. Da Baturen Birtaniya Clapperton ya zo masa a 1824, cikin abin da ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Mutumin da ya fi mu sanin tawakkali bai ga aibi ba a neman ilimin jiki daga inda yake. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, jajis-jajis suna shiga ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har cikin gidajensu. Malaman Islamiyya mata na yau su ne magadan wannan aiki, kuma su ne ke koyar da babin haila. Ƙarin minti biyar a ƙarshen babin, a lissafa jinin da ke bukatar asibiti, bai fi ƙarfinsu ba.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, domin babu fallen gilashin da za a ɗora ta a kai. Har yau ba a da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai ce wane yana da baifola. Ana gane ciwon ne daga tarihi: abin da majinyaci ya faɗa, da abin da waɗanda ke kwana da tashi da shi suka gani. Likita zai so ya ji ko an taɓa yin mako guda ko fiye mutum ba ya barci kuma ba ya jin gajiya, magana na zuba ba tsayawa, tunani na tsalle daga wannan zuwa wancan, yana jin ya fi kowa, yana ɓarnar dukiya ko saurin faɗa. Sannan ko an taɓa yin mako biyu ko fiye ya kasa tashi daga shimfiɗa, abinci ya fita ransa, yana ganin kansa mafi zunubin halitta. Tsakanin wannan da wancan yakan dawo daidai, wata da watanni, har a ce ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke da ciwon a 2019, kuma yawanci yana farawa ne a ƙuruciya, daidai lokacin da ake zancen aure.

Abin da bincike ya gano a ƙwaƙwalwa shi ne rashin daidaito tsakanin sassa. Akwai ɓangaren da ke bayan goshi, wanda ke auna sakamako ya ce wa mutum dakata. Akwai kuma wasu sassa can ciki, irin su amigdala, masu tayar da tsoro da fushi da shauƙi, tare da hanyoyin da sinadarin dofamin ke bi yana sa mutum jin kwaɗayin abu da ƙarfin nemansa. A lokacin zumuɗi na cikin suna ƙara ƙarfi, riƙon da na bayan goshi ke yi musu kuma ya sassauta. Mutanen Goronyo sun san abin da ya faru a 2010 da ruwan madatsa ya fi ƙarfin ƙofofinsa ya shafe gonaki da gidaje, sun kuma san 2018 da ya ja baya har ƙasa ta bayyana. Madatsa ɗaya ce a shekarun biyu. Kwatancin bai cika ba, amma yana taimaka wa iyali su gane cewa mai rabon kuɗi a tasha da mai kulle kansa a ɗaki ciwo ɗaya ke damunsu. Agogon barci da ke cikin ƙwaƙwalwa ma yana da hannu sosai, shi ya sa kwana biyu ko uku babu barci kan iya tayar da ciwon. A yankin da mutane suka yi shekaru suna kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga, tun harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018 zuwa na kasuwar Goronyo a 2021, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gado yana da babban rabo a ciwon, ko da yake ba dole ba ne ɗan mai shi ya same shi. Macen da ke da shi kuma tana cikin haɗari na musamman a makonnin farko na jego.

Abin da ke rikita mu shi ne ciwon yakan sa rigar addini. Mai zumuɗi zai kwana yana nafila, ya tashi yana wa'azi a kasuwa, ya ce an yi masa magana a mafarki, wani ma ya ce shi ne Mahadi. Da farko a ce ya shiryu, daga baya a ce aljanu ne. Mai baƙin ciki kuma a ce masa imaninsa ne ya yi rauni, alhali wannan kalma tana ƙara danne wanda dama yake ganin Allah Ya yi fushi da shi, kuma a wannan hali ne haɗarin kashe kai ya fi yawa. Fiye da shekara dubu da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus tsakanin baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce na biyun tushensa a jiki yake kuma yana bukatar magani. Ba mu musun ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta. Abin da muke musu shi ne duka da mari da turaren barkono, da hana majinyaci ganin likita. Hotunan mutanen da aka kwance daga sarƙa a Kaduna da Daura a 2019 ba su bar zukatanmu ba, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kariya ga haƙƙin irin waɗannan majinyata.

Game da sakin kuwa, fiƙihu ya san haukan da ke zuwa ya tafi, ya kuma bambanta shi da mai ɗorewa. Sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, na lokacin da ya farfaɗo yana aukuwa. Sai dai ba kowane zumuɗi ne ke kai wa ga gushewar hankali ba, don haka ba magana ce da za a yanke a zaure da labarin ɓangare ɗaya ba. Ta alƙali ce, kuma alƙali yana bukatar shaidar likita kamar yadda yake bukatar ta maƙwabta. Malikiyya sun kuma ce idan hauka ya sami miji ana jinkirta masa shekara guda don neman magani kafin a raba auren. Waɗanda suka rubuta wannan sun ɗauka ciwo ne da ake sa ran sauƙinsa.

Maganin yana nan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa duka suna karɓar irin waɗannan majinyata, kuma ya kamata wanda ya ga abin da idonsa ya raka su. A can za a ɗebi jini, domin a tabbatar ba maƙoƙo ko tiramadol ko wiwi ne ke kwaikwayon ciwon ba. Daga cikin magungunan akwai litiyam, wanda John Cade ya gano amfaninsa a Ostareliya a 1949, kuma an tabbatar yana rage haɗarin kashe kai. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, dole a riƙa auna shi a jini, a duba ƙoda, kuma ƙishirwa tana ɗaga shi. Mai shan sa da zai yi azumi a zafin bazarar Sakkwato, ga barcin da sahur da tahajjud suka yayyanka, ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, malam kuma ya gina fatawarsa a kan abin da likitan ya ce, domin sauƙin da aka yi wa mara lafiya ya haɗa da shi. Wani maganin, balfurowet, yana iya nakasa ɗan tayi, saboda haka kada mace ta ɓoye wa likita cewa tana da ciki ko tana nema. Sayen maganin damuwa a kemis ba tare da an tantance ba yana iya juyar da baƙin ciki ya koma zumuɗi.

Mun san hanyar Sakkwato daga ƙauyukan Goronyo da Rabah tana da tsada, wani lokaci da haɗari, kuma sakamakon nazarin nama ba ya fitowa rana ɗaya. Kuɗin mota na komawa karɓo shi yakan gagari gida, sai takarda ta zauna a asibiti mai ita tana can tana shan jiƙo. Kwamitin masallacin da ke tara zakka da taimakon marayu zai iya ware wani abu don wannan tafiya ta biyu. Wanda ya raka mace gwaji kuma ya tabbata lambar wayar da aka rubuta a takardar tana aiki, kuma ta wanda zai isar da saƙon ce ko da ba mai daɗi ba ne.